Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Fastoci da Dattawan Ikkilisiyoyin Jos: Wa Yake da Ikon Ce Muku A'a?

Iyayena cikin Ubangiji, rabaran-rabaran, fastoci da dattawan ikkilisiya na Jos da kewaye,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya iyali, yaya sanyin Filato? Allah ya ƙara ƙarfi.

Ni 'yarku ce, 'yar Zumuntar Mata, cikin waɗanda kukan hango da zanen anko a bakin murhu duk ranar da aka yi babban taro. Ban shiga makarantar tauhidi ba. Abin da na sani na Littafi Mai Tsarki a bakinku na fara jinsa, saura kuma na bi da yatsa na karanta. Na zaɓi in rubuta a fili ne saboda maganar ta daɗe tana yawo a bayan idonku: a kicin, a cikin keke idan an tashi sujada, a gidan makoki bayan kun yi addu'a kun tafi. Da a ci gaba da cin namanku a ɓoye, gara ɗaya daga cikinmu ta durƙusa ta faɗa muku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wa'azin tawali'u da biyayya a ikkilisiyoyinmu ya zama kamar ruwan da ya sauka a kan duwatsun Shere, kullum gangarowa yake yi, ba ya hawa. Amarya tana jinsa ranar ɗaurin aure. Matasa suna jinsa ranar da suka tambayi inda kuɗin gini ya shiga. Mai bishara yana jinsa ranar da aka tura shi ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina. Duk waɗannan suna bukatarsa, ban musa ba. Amma da na zauna na bi wuraren da Nassi ya yi maganar girman kai da sunan mutum, sai na tarar yawancinsu masu rawani ne da masu riƙe da haikali. Fir'auna ne ya tambayi Musa, wane ne Ubangiji da zan ji maganarsa. Nebukadnezzar ne ya hau rufin fadarsa ya dubi Babila ya ce ƙarfinsa ne ya gina ta, wata 12 kacal bayan Daniyel ya gargaɗe shi. Hirudus ne ya sa rigar sarauta ya yi jawabi, jama'a suka ce muryar allah ce, ya yi shiru ya karɓa, tsutsotsi suka cinye shi. Kuma a Matiyu sura 23, waɗanda Yesu ya ce suna son mazaunin alfarma a wurin biki da gaisuwar ban girma a kasuwa, malaman Attaura ne da Farisiyawa, wato fastocin zamaninsu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sarki Uzziya, a 2 Tarihi sura 26, domin shi ba mugu ba ne. Yana da shekara 16 ya hau gadon sarauta, ya yi shekara 52 a kai. Ya nemi Allah, Allah kuma ya ba shi nasara. Ya gina hasumiyoyi a Urushalima da cikin jeji, ya haƙa rijiyoyi, yana ƙaunar noma, yana da mayaƙa 307,500, har da na'urorin harba kibau da manyan duwatsu daga kan garu. Da a zamaninmu ne, da an buga hotonsa a kalanda an rubuta nasarorinsa a ƙasa. Nassi ya ce an taimake shi ƙwarai har ya yi ƙarfi, da ya yi ƙarfi kuma sai zuciyarsa ta kumbura. Ku dubi laifin da ya yi. Bai yi sata ba, bai bi gunki ba. Haikalin Ubangiji ya shiga zai ƙona turare. Aikin ibada ne, abin da mai kallo daga nesa zai ce kai, sarkin nan akwai himma. Sai dai ba aikinsa ba ne, Allah ya keɓe shi ga zuriyar Haruna, shi kuwa ya kai matsayin da yake ganin ba ƙofar da za a rufe masa.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. Azariya firist ya bi shi ciki tare da firistoci 80, waɗanda Nassi ya kira jarumawa, suka tsaya a gabansa suka ce masa ya fita, wannan ba hurumin sarki ba ne. Ya husata, da kaskon turare a hannunsa, nan take kuturta ta fito masa a goshi. Ya ƙare kwanakinsa a keɓe, ɗansa Yotam yana riƙon ƙasa.

Baba, su wane ne tamaninka? A majalisar dattawanka, wa zai iya miƙewa ya ce, Baba, wannan kam ba daidai ba ne, kuma ya wayi gari yana nan a kujerarsa? Na ga dattijon da ya yi tambaya a kan lissafin kuɗi, zaɓe na gaba sunansa bai fito ba. Na ga ƙaramin fasto da ya ƙi sa hannu a wata takarda, takardar canjin wurin aiki ta riga shi isa gida. Ba wanda ya ce don haka ne, kowa kuma ya san don haka ne. Uzziya da duk mayaƙansa bai rasa masu tare shi ba. Abin tsoro ne mutum ya share hanyarsa sarai har ba sauran mai tare shi, ya kuma ɗauka wannan shi ne zaman lafiyar ikkilisiya.

Na san ayar da ake jefo wa mai tambaya: kada ku taɓa shafaffuna. Tana Zabura 105:15, tana kuma 1 Tarihi 16:22. Ina roƙo ku karanta mana ita tun daga ayoyin da suka gabace ta. Maganar zuriyar Ibrahim ake yi, sa'ad da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah kuma ya tsawata wa sarakuna saboda su. Garkuwa ce da aka ba marasa ƙarfi a gaban masu mulki. Yaya aka yi ta koma hannun mai kujera yana kare kansa da ita daga gwauruwar da ta zo tambaya? Dawuda shafaffe ne na gaske, da man Sama'ila a kansa, duk da haka Natan ya dube shi ya ce kai ne mutumin, Dawuda kuwa bai kawo wannan aya ba, ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. Bitrus manzo ne tun Bulus yana tsananta wa ikkilisiya, amma a Antakiya Bulus ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa saboda ya janye daga cin abinci da al'ummai. Maganar cin abinci kuwa ita ce fannina, bari in shiga.

Ranar babban taro mukan fito tun asuba, hazo bai washe ba, hannu yana ƙagewa a ruwan wanke shinkafa. Kafin rana ta ɗaga an riga an zo daga kwamiti an faɗa mana tsarin rabo. Kula ta farko ta babban tebur ce: soyayyar shinkafa, cinyoyin kaji, farfesu, soyayyen dankali, ruwan gora da lemon gwangwani, a faranti mai fashewa da cokali mai yatsu. Kula ta biyu ta fastocin gari ce. Abin da ya saura a gindin tukunya, da ƙanzo da wuyan kaza in an yi sa'a, shi ake zubawa a roba a kai wa masu bishara na ƙauye a ƙarƙashin rumfa ta baya, da ruwan leda. A wani taro, ba zan faɗi ikkilisiya ba domin ba ita kaɗai ba ce, abinci ya ƙare kafin a kai ga layinsu. Wani dattijon mai bishara ya zagayo bayan kicin da hularsa a hannu, takalminsa duk jar ƙasa, ya ce, Mama, ko ɗan gwate ya rage? Da na zuba masa wanda muka dafa wa kanmu, ya zauna a kan bulo yana ci, muna hira, na ji cewa wata da watanni bai ga alawus ɗinsa ba, kuɗin motar zuwa taron ma akuya ya sayar. A daidai lokacin, ta lasifika, ana karanto sunayen waɗanda suka yi alkawarin gudunmawar sayen mota ga wani babba. A gabana aka dawo da farantan babban tebur, rabin naman ba a taɓa ba.

Mutumin nan yana kwana a inda yawancinmu ba za mu yarda mu yini ba. Kun fi ni sanin abin da ƙauyukan Bokkos, Barkin Ladi, Mangu, Riyom da Bassa suke gani. Harin jajibirin Kirsimeti na 2023 kaɗai ya ci sama da mutum 100. Irinsa ne suke binne gawa, su tattara waɗanda suka tsira a ajin firamare, su yi sujada ranar Lahadi a majami'ar da ba rufi. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa taruwarsu ba ta Jibin Ubangiji ba ce, tun da wani yana ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa, ya tambaye su ko raina ikkilisiyar Allah suke yi, suna kunyata marasa shi. Yakubu kuma a sura 2 kamar ya taɓa halartar lancin a Jos: mai zoben zinariya a ce masa ga wuri mai kyau, matalauci a ce masa tsaya can. Mu dai ba mu ce kada a karrama baƙo ba. Amma tsarin kulolin nan wa'azi ne, yara suna kallonsa, kuma ya fi wanda ake yi a bagade shiga kunne.

Sai bencin baya. Duk wanda ya girma a ikkilisiyoyinmu ya san shi. Yarinya ta yi ciki, a kira sunanta a gaban jama'a, a sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta Jibin Ubangiji, ta cire rigar mawaƙa ta koma can kusa da ƙofa, inda iska take shigowa. Takan zo a makare ta fita da wuri don kada a haɗa ido. Uwarta kuwa a layinmu take zama, kanta a sunkuye, ko waƙa aka ɗauko ba ta iya buga tulu. Ban ce a daina horo ba. Ikkilisiyar da ba horo ba ta ƙaunar 'ya'yanta. Tambayata ita ce, yaushe rabon da bencin nan ya ga babbar riga? Wanda ya yi mata cikin, in ɗan wani ne, sai a ji ya tafi karatu. Mai kuɗin da kowa ya san ya danne filin marayu yana gaba, shi ne ma shugaban lancin. Idan abin ya taɓa mai abin wuya, wato fasto, sai a ce a rufa wa aikin Allah asiri, a ɗauke shi shiru a kai shi wata ikkilisiya, inda ba a san shi ba, inda kuma akwai 'yan mata. Ai a Yohanna sura 8 ma matar kaɗai aka jawo, alhali ba ita kaɗai aka kama ba. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, wannan kariya ce gare ku kuma daidai ne. Amma ayar da take biye ta ce masu yin zunubi a tsawata musu a gaban kowa domin saura su ji tsoro, ta ukun kuma ta gama shi da Allah kada ya yi tara. Ana karanta mana ta farko, a rufe littafi.

Game da biyayya, ayar da kuka fi koya mana ita ce ta 1 Sama'ila 15:22, biyayya ta fi hadaya. Mun haddace ta tun a Makarantar Lahadi. Wanda aka faɗa wa ita kuwa sarki ne, ba yaro ba. Saul ya dawo daga yaƙin Amalekawa, kafin ma ya haɗu da Sama'ila ya biya ta Karmel ya kafa wa kansa al'amudin tunawa. Da suka haɗu, da fara'a ya tare shi, ya ce na cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce, to kukan tumakin nan da nake ji fa? Sai Saul ya ce ai jama'a ne suka kawo, kuma don a miƙa wa Ubangiji hadaya ne. Wannan amsar ba ta tsufa ba. Da ita ake karɓar kuɗin da kowa ya san asalinsa: ai aikin Allah za a yi da shi. Da ita ake miƙa wa ɗan takara makirufo a tsakiyar sujada idan zaɓe ya ƙarato, a taƙaita wa'azi don ya samu lokaci, a yi masa addu'ar da ba a taɓa yi wa malamin firamaren da ya shekara talatin yana koyar da 'ya'yanmu ba. Ginin yana tashi, an manna allon marmara da sunaye a bango, kukan tumaki kuma yana shigowa ta taga.

Wurin da ya fi ba ni tausayi a labarin shi ne ƙarshensa. Sama'ila ya tuna masa lokacin da yake ƙarami a idon kansa. Saul ya amsa laifi, ya ce tsoron jama'a ya ji. Amma ko a cikin tubansa, roƙon da ya yi shi ne, ka girmama ni a gaban dattawan jama'ata. An gaya masa mulki ya tsage daga hannunsa, shi kuwa damuwarsa kada a gan shi ya fito ba annabi a gefensa. Iyayena, da yawanku na san ku kuna ƙanana a idon kanku. Mun ga wasunku da keke da jakar buhu, kuna bin gida gida da ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, kuna cin abin da aka ba ku. Muryarku a lokacin daban take.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu jama'a muna da hannu dumu-dumu. Mu ne muke rige-rigen ɗaukar muku jaka da Littafi, mu ne muke ƙirƙiro laƙabi, mu ne mukan raina faston da ya zo a keke mu ce ba shi da shafewa. Mai gabatarwa ya zama sanƙira, sai ya ci minti goma yana jero digiri da muƙamai kafin mai wa'azi ya miƙe, idan kuwa ya tsallake ɗaya, fuska ta canza. Amma ku ne kuka karanta, kun san abin da manzanni suka yi da irin wannan. Karniliyus ya fāɗi a gaban Bitrus, Bitrus ya ɗaga shi ya ce tashi, ni ma mutum ne. A Listira da aka kawo bijimai za a yi wa Bulus da Barnaba hadaya, tufafinsu suka yayyage suka ruga cikin taron suna ihu a bari. Ba su ce ai al'adar mutanen ce, kada a ɓata musu rai ba.

Kada a ji ni a karkace. Ni Bafilatana ce, da durƙuso aka raine ni, kuma zan ci gaba da durƙusa muku. Nassi ya ce dattawan da suke riƙo da kyau sun cancanci girma ninki biyu, Ibraniyawa 13:17 kuma ta ce mu yi biyayya ga shugabanninmu. Sai dai dalilin da ta bayar shi ne za ku ba da lissafin rayukanmu. Na kuma san fastoci a garin nan da suke bin bashi su biya wa marayu kuɗin makaranta, waɗanda ake tasa da tsakar dare zuwa asibitin Jankwano ko asibitin koyarwa na JUTH su tafi ba gunaguni, waɗanda matansu suke sayar da ƙosai don a rufa asiri. Su ba su da masu rubuta musu wasiƙa, ba a kuma cika ganinsu a babban tebur ba. Girman da muke ba ku namu ne mu bayar. Abin da ba namu ba ne, ba kuma naku ba, shi ne a mai da biyayya ga Baba ta zama ita ce biyayya ga Allah. Ranar da biyun suka rabu, Bitrus ya riga ya faɗa wa majalisa wanda za a bi.

Garin nan ba ƙaramin gari ba ne a tarihin bishara. Hedkwatar ikkilisiyar ECWA tana nan, ta COCIN tana nan, ta tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN tana nan, ga makarantun tauhidi, TCNN a Bukuru da JETS. Abin da aka saba a Jos shi ake kwaikwaya har ƙauyen da ya fi nisa. Tushen kuwa ba da kujera aka kafa shi ba. Samari uku 'yan mishan da suka sauka Legas a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyu sun mutu a 1894 ba su ga ko mutum ɗaya da ya tuba ba. Ayarin ɗan mishan Karl Kumm ya iso Wase a 1904. Sai a 1932 aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, sai a 1938 aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot fastoci, ɗaya Birom, ɗaya Tarok, ɗaya Mwaghavul. Harsuna uku, aiki ɗaya. Yau idan zaɓen shugabannin ikkilisiya ya zo, abin da muke ji a kicin ba ya bambanta da na jam'iyya: taron dare, namu ne, lokacinmu ne, ambulan a aljihun wakilai. Har kotu ana zuwa, duk da abin da 1 Korintiyawa 6 ta ce. Girman kan ƙabila shi ne wanda ba a jin nauyinsa, domin mutum yana ganin ba don kansa yake yi ba. Yohanna ya ambaci wani Diyotarifis a wasiƙarsa ta uku, mai son zama na fari, wanda ba ya karɓar 'yan'uwa, masu son karɓarsu ma yana korarsu daga ikkilisiya. Abin da aka sani game da shi ke nan har yau. Da 'ya'yan Zabadi suka nemi dama da hagu, sauran goman suka ji haushi, ba don sun fi su tawali'u ba. Yesu ya tara su duka ya ce masu mulkin al'ummai suna nuna musu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninku ba.

Shi da ya faɗa, ya yi. Yohanna 13 ta ce Yesu ya san Uba ya sa kome a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito, wurinsa kuma zai koma, sai ya tashi ya tuɓe mayafi ya yi ɗamara da tawul. Wanda ya san ko shi wane ne ba ya tsoron kasko da ruwa. Mai fargabar a raina shi ne yake ƙirga wanda ya gaishe shi da wanda bai gaishe shi ba. Ƙafafun da ya wanke a daren nan har da na Yahuza. Mu mata mun san aikin nan, mun wanke ƙafar tsoho da ta majinyaci, mun san ba a yinsa da farar riga, ba a kuma kiran mai hoto. Shi ya sa idan na ga wankin ƙafa na shekara-shekara a Facebook, an zaɓo mutum goma sha biyu da suka riga suka yi wanka, nakan wuce kawai. Haka ma wanda zai fara jawabi da ni ba kowa ba ne, sa'an nan ya kwashe rabin sa'a yana ba da labarin ƙasashen da ya taka. Filibiyawa sura 2 ta ce Almasihu ya ƙasƙantar da kansa, ya yi biyayya har mutuwa, mutuwar gicciye. Tawali'unsa da biyayyarsa abu ɗaya ne, kuma ya biya kuɗinsu a Getsamani da ya ce ba nufina ba, naka za a yi. Ikkilisiyar da aka rubuta wa wannan kuwa tana da mata biyu, Afodiya da Sintiki, da ba sa ga maciji, har Bulus ya kira sunansu. Don haka mu 'yan Zumunta ma ba mu tsira ba. Rikicin kujerar shugabar mata wani lokaci ya fi naku zafi.

Akwai wani abu da ya faru a ƙasarmu da ya kamata ya rage mana fankama. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari yankin Barkin Ladi, limamin ƙauyen Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai sama da shekara 80, ya ɓoye mutum sama da 200 a masallaci da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya yana roƙon maharan, ya ƙi ba da su. Da Yesu ya so ya koya wa masanin Attaura ƙaunar maƙwabci, firist da Balawe ne suka ratse a labarin, Basamariye ya tsaya. Masu sauraronsa ba su ji daɗin wannan ba. Na'aman ma, jarumin Suriya, warkarwarsa ta bakin baiwa ta fara, da ya yi fushi a ƙofar Elisha kuma barorinsa ne suka lallashe shi ya shiga Urdun. Allah yana da halin aiko gyara ta bakin wanda ba a so a ji daga gare shi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a dalla-dalla, wanda ya yi tambaya a amsa masa, kada a bi shi da wa'azin Kora da Datan Lahadi mai zuwa. Kada a buɗe lancin mota ko na gidan babba matuƙar akwai mai bishara ɗaya a gundumar da ake riƙe da haƙƙinsa. Horo ya zama mudu ɗaya, yarinyar da aka zaunar a baya kuma a samu dattijuwar da za ta zauna kusa da ita har ranar da za a karɓe ta. A taro mai zuwa ku ba mu izini mu dafa tukunya ɗaya, a fara rabo daga rumfar baya. Mu dai a shirye muke, sauƙi ma zai yi mana. Kowane ɗayanku kuma ya samu mutum biyu ko uku, ba abokan karatunsa ba, ba waɗanda albashinsu yake hannunsa ba, ya ba su izini a gaban shaidu su riƙa gaya masa abin da ba ya so ya ji, ya kuma yi alkawari ba abin da zai same su.

Na kawo ayoyi da surori don ku bincika. Inda na karkatar da Nassi, a nuna mini a gyara mini a fili kamar yadda na rubuta a fili. Inda kuwa maganar ta tsaya, ina roƙo a sa ta cikin ajandar zaman majalisar dattawa na gaba, a kuma gayyaci masu bishara na ƙauye su zauna a ciki, a biya musu kuɗin mota.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

'Yarku cikin Almasihu,
Wata 'yar Zumuntar Mata,
Jos, Jihar Filato.